Allurar da Ba Zare

Shekarar da kafilinmu, Balaraben da ya tsaya mana, ya rasu, iƙamarmu ta mutu, wato takardar izinin zama, makaranta ta sallami 'yata. Muna zaune a unguwar Ammariyya lokacin, a benen da ke samanmu kuma akwai wata tsohuwa 'yar Iran, matar wani mai sayar da dardumai da ya rasu. Ita ce ta tare ni a matakala, ta ce in riƙa turo mata yarinyar bayan la'asar ta koya mata ɗinki.

Ni da ɗinki ke ciyar da ni, za a koya wa 'yata ɗinki? Na dai amince don kunya, amma raina bai kwanta ba. Maƙwabta suka ƙara min. Wata ta ce aƙidarsu za ta cusa mata, wata ta ce 'yar aiki take nema a ɓagas. Watanni suka shuɗe, yarinya ko kalmasa ba ta iya ba. In na tambaye ta sai ta hau kame-kame.

Ran nan na hau ba sanarwa. Ina ƙwanƙwasawa na ji kiciniya a ciki. Da aka buɗe, 'yan mata ne na unguwarmu, duk marasa takarda, kowacce da ƙyalle a cinya da allura a hannu. Na duba allurar 'yata, babu zare. Na fizge ƙyallen a fusace, sai ga littafin lissafi a ƙarƙashinsa.

Tsohuwar ko gezau. Ta zuba min shayi, ta ce a zamanin kakarta a Tehran, in aka buɗe makarantar 'yan mata sai maza su taru su yi ta jifan ƙofar. Shi ya sa kakar ta kira tata makarantar gidan koyon ɗinki, da an taɓa ƙofa a rufe littafi. A irin ɗakin nan uwar tsohuwar ta yi karatu har ta zama malama.

Na ce to ni uwa ce, me ya sa aka ɓoye min?

"Ya binti, ban san bakin wa zai kai ƙara ba," in ji ta. "Kin zarge ni, ni ma na zarge ki."

Maganar ta yi min zafi, har yau ina jin ta. Washegari na hau da kwandon ɗinkina, na bi allurorin ɗaya bayan ɗaya na zura musu zare. Sannan na ja kujera na zauna gadi a bakin ƙofa.