Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Shekaruna saba'in da huɗu a bana, kuma damina biyu ke nan da aukuwar abin da zan bayar da labarinsa. Ni falken goro ne. Rumfata tana gefen layin dogo a Agege, inda mata masu tattasai da busasshen kifi suke baje kayansu har bisa ƙarfen. Idan jirgi ya yi kuka kowa ya kwashe nasa, idan ya wuce a mayar. Haka muka tarar, haka muke yi.

Ɗan farina tela ne, magidanci mai iyali. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta sunan ba, domin a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. "Kai" nake ce masa. Abokaina haifaffun Legas sukan yi mini ba'a, su ce wannan kunya ta tsufa. Ni kuwa ban ga dalilin yar da abin da na gada ba.

Ana nan sai ya kamu da wani wasa na waya, wanda ake zuba mutane a tsibiri su yi ta harbin juna. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan, can a ƙasarsu, suna sauya masa fasali zango-zango, kamar yadda kaka take bin damina. Kowane zango yana zuwa da wata riga da ake sanya wa ɗan mutumin da ke cikin wasan, idan mai wayar ya cika ayyukan da aka gindaya masa. Ranar da zango ya rufe, rigarsa ta tafi ke nan har abada.

Na taɓa ce masa, "Kai da kake ɗinka wa mutane riga ta gaskiya, me za ka yi da wadda ba ta maganin sanyi?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ba ta dawowa fa! Har ogana na Isolo ya samu tasa, ni kaɗai na rage."

Na ce, "Goro ma yana da lokacinsa, amma ban ga wanda ya bar tuwonsa ya huce dominsa ba."

Ranar ƙarshe ta zangon, bayan la'asar, sabis ya ƙi tsayawa a shagonsa da ke kusa da rumfata. Na hango shi ya fito yana ɗaga waya sama, yana neman inda za ta kama. Inda ta kama shi ne tsakiyar layin dogo. Ya zauna bisa ƙarfen, ya toshe kunnuwansa da abin nan da suke kira iyafis, ya ba da baya ga inda jirgi yake fitowa.

Jirgi ya yi kuka. Mata suka kwashe tirensu. Ban damu ba tukuna, domin yaron da aka haifa a Agege ya san kukan jirgi tun yana goye. Jirgi ya sake kuka, bai motsa ba. Layi ya yi fayau, ba kowa a kansa sai ɗana, kansa a sunkuye, yatsunsa suna rawa bisa gilashi.

Na miƙe tsaye. Goron da ke cikin faifaina ya fara tsalle saboda girgizar ƙasa. Wata Bayarabiya mai tattasai tana ihu cikin harshenta, hannu bisa ka. Na ce, "Kai! Kai!" To, a kasuwa wane ne ba "kai" ba? Na ga kan jirgin ya ɓullo, na ga likkafani a idona, na ga matarsa da 'ya'yansa zaune a zaurena.

Sai na kira sunansa. Da dukan ƙarfin da ya rage a ƙirjina na kira shi, a gaban duk mutanen kasuwa.

Ya ɗago a firgice, ya dube ni, sannan ya waiwaya. Ya wuntsila gefe cikin tsakuwa, jirgi ya bi ta kan takalminsa guda. Sai da taragon ƙarshe ya wuce na iya ganin cewa yana numfashi.

Da aka kawo shi rumfata, na tambaye shi ko kurma ne. Ya ce a wannan zango masu wasan sun saka jirgin ƙasa a tsibirin, kullum kukansa yana kunnensa, shi ya sa ya ɗauka na cikin waya ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Amma sunana a bakinka, Baba, ban taɓa ji ba."

Rigar ba ta samu ba. Wasan kuwa bai bari ba, sai dai ya daina zama a layi. Ni ma ban sake furta sunan ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Amma har yau, duk ranar da na ji samari suna cewa zango zai rufe, idona ba ya barin ƙarfen nan sai jirgin yamma ya wuce.

Ƙanena da muke rumfa ɗaya ya ga wannan abu da idonsa, haka ma Bayarabiyar mai tattasai, da maƙwabcinmu mai walda, mutumin kudancin Kaduna, wanda shi ya tsinto ragowar takalmin.