Fuskar Umma

Ko zan manta komai na ranar da muka kwashe kaya daga Sa'alaba, unguwarmu ta Jidda, ba zan manta abin da yayana ya yi wa hoton mahaifiyarmu ba.

Umma ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Hajji ta zo ta zauna a Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama, don haka duk abin da zai ajiye kamanninta gudunsa take yi. Gyaɗa take sayarwa a unguwar Bagdadiyya, kusa da wata maɗaba'a inda wani tsoho ɗan ƙasar Poland yake zana fastocin talla. Mai zane ne tun ƙuruciya. Yaƙi ya ƙone ɗakin aikinsa da duk abin da ya zana, ya koma sassaƙa hoto a katako yana bugawa a takarda, har neman abinci ya jefo shi nan da furfurarsa. Ya daɗe yana lallashinta da guntun Larabcinsa kafin ta yarda.

"Yalla, to zana," ta ce masa, "amma kada 'yan sanda su gani."

Ya zana ta da tawada tana ƙulla gyaɗa, har da tsagar kumatunta. Bayan rasuwarta na sa hoton a gilashi na rataye a ɗakina.

Da aka zo rushe unguwarmu, Yaya ya ce zai ɗauke shi a motarsa kada ya fashe. Har godiya na yi masa, ni sakarya! A sabon gida na warware bargon da aka naɗe shi, sai na ga an kankare fuskar tas da reza. Mayafi yana nan, hannaye suna nan, tsakiya fari fat.

"Yaya, mene ne haka?"

"Halas, shi ke nan, na gyara miki. Mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto."

Mutumin da wayarsa ke cike da hotunan 'ya'yansa! Ban ƙi maganar malamai ba. Da ya buɗe baki ya faɗa mini, da na sauke shi na kife a akwati. Amma ya rasa abin da zai gwada tsoron Allahnsa a kai sai abin da ba nasa ba. Baƙon da ba dangin iya ba na baba ya zauna a rana yana duban Umma don ya fitar da ita daidai, ɗan da ta haifa kuwa ya sa reza yana jiran lada.

Yanzu in 'yata ta tambaye ni kamannin kakarta, hannaye nake nuna mata. Ni kaina wani lokaci sai na rufe ido in neme ta in rasa.

Na koyi cewa mai ɓarna da gangan yakan ji kunya wata rana, amma wanda ya tabbata alheri yake yi maka ba ya tambaya, ba ya neman gafara. Har yau Yaya gani yake taimakona ya yi.