Shekarar da Albasarmu Ta Tafi Kallon Ƙwallo

Jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba aka ce za a yi gasar ƙwallon matasa ta duniya a ƙasarmu. Rediyo kullum zancen ke nan: gwamnati ta gyara filaye, baƙi za su zo da arziki. Kano ma za a buga.

Lokacin mun gama cirar albasa a Sabiyal. Al'adarmu, a zuba ta a rudu, wato gadon kara mai rufin ciyawa, ta sha iska har damina, lokacin da take daraja. Maigida ya dawo daga kasuwar Aliero ya ce bana babu ajiya, shi da abokansa sun kama babbar mota, duka za a kai Kano.

Na ce, "Malam, har da ta iri?"

Ya ce, "Har ita. Duniya ce za ta taru, kowa kuwa da miya shika ci."

"To Bature albasa nawa shika ci a zama guda?"

Ya yi dariya. "Daga shiga yaƙi da jahilci kin zama mai karanta cikin Bature?"

Ban ja ba. Na dai roƙe shi ya bar min rabona na albasa, ladan yankan ganye. Na zaɓi masu tauri, na jera a ƙaramin rudu bayan ɗaki. In babu iri, baɗi babu gona.

Ya dawo daga Kano da hular kwali mai tuta. Baƙin, in ji shi, daga masauki sai fili, abincinsu tuni an ba 'yan kwangila. Albasa ta sha rana a tasha, wadda ba ta ruɓe ba dillalai suka kwashe a wulaƙance. Amma ya shiga filin! Ya ga ciyawa kamar darduma, ya ga wani ɗan wasa mai kitso. Mako guda yana kwatanta mana gudunsa a tsakar gida, yara suna faɗuwa don dariya.

Da sanyi ya shigo, lokacin binne albasar iri, sai na gan shi yana zagaya bayan ɗaki yana gyaran murya.

"Uwar gida, wannan rudun naki, aro aka ba da ko saye?"

Na miƙa masa kwando. "Ɗiba, Malam. Amma gona za ta, ba kallo ba."