Duban farce a ƙofar gida

Da na yi ritaya daga firamaren garinmu, ba wanda ya gaya mini yadda ake yi da safiyar Litinin. Sai in yi wanka, in saka kaftani, in soka biro a aljihu, in tsaya a zaure kamar baƙo. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, ina zuwa?" Ni ma ban sani ba.

Na gwada gona, fartanya ta sa hannuna ya yi kanta. Na gwada majalisar gindin darbejiya, inda tsarana ke hirar taki da dawa. Da na buɗe baki sai kowa ya yi tsit kamar a aji, ni kuma haushi ya kama ni. Hira na zo yi, ba darasi ba.

Abin da ya rage mini shi ne yara. Shekara da shekaru ni ke duba farce a asambule duk Litinin. Hanyar makaranta ta ƙofar gidana ta bi, to da sun hango ni a kan benci sai su jeru, su miƙo hannuwa, baya a sama, tafi a ƙasa. Ban sa su ba wallahi, ban kuma hana su ba. In duba, in yi wa mai ƙazanta faɗa, su wuce. Wani lokaci in tambayi kaina, yanzu wannan aiki ne ko shisshigi? Hedimasta, wanda ni na koya masa rubutu, ya gani ya durƙusa ya gaishe ni, ya wuce abinsa. Wannan ya ƙara ɗaure mini kai. Amma dai a raina na riƙe cewa muddin ana miƙo mini hannu, ni malami ne har yanzu.

Da aka koma bayan dogon hutu, manyan sun tafi sakandare, layin ya gajarce. A ƙarshensa akwai wata 'yar aji ɗaya da ban sani ba, hijabinta har ƙasa. Ta ga ana miƙa hannu, ita ma ta miƙo nata, amma tafi a sama. Na kama hannun na juya. Farcenta tas. Na ce, "Madalla, wuce."

Ba ta wuce ba. Ta sake juyo tafin sama, ta zuba wa aljihuna ido. Ashe a zatonta wani tsoho ne ke rabon dabino.

"Baba, ni ba ka ba ni ba," in ji ta.

Na laluba aljihu, biro kawai na taɓa. Na rasa ta inda zan fara yi mata bayanin ko ni wane ne.

"Ya ƙare ne?" ta tambaya.

Na ce, "I, 'yata, ya ƙare."

Ta ruga ta bi 'yan'uwanta. Na jima a kan bencin har rana ta iso ƙafata.