Sunan 'Yar Fari

Lokacin sanyi ne, irin wanda ana idar da la'asar gari zai fara duhu. Shekarar nan duk a gajiye na yi ta. A nan ƙasar Turawa, da asuba nake fita daga unguwarmu Edmonton zuwa Aldwych in goge ofisoshi, in dawo gwiwoyina suna ciwo, in ɗora tukunya.

Babbar 'yata tana shirin jarrabawa a lokacin. An ba su wani tsohon wasan kwaikwayo na saurayi da budurwa da gabar iyaye ta kai su kabari. Ni karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, bayan aure na yi shi, Turancin littafin nan kuwa ko ita sai ta yi ta duba bayani. Takan zauna a kicin tana ba ni labarin ina yanka albasa. Malamarsu ta ce su lura da yadda kowa yake kiran kowa a cikin wasan.

"Umma, saurayin fa da rana ya kamanta ta."

Na ce, "Allah sarki. Bai taɓa tsayuwa a ranar Kano ba."

Ta yi dariya har da dukan tebur. Ta ce tsohuwar da ta raini budurwar ba ta gajiya da yi mata sunayen lele, uwar kuwa sai dai ta aiki tsohuwar ta kirawo mata ita. Wai malama ta ce wannan ya nuna babu shaƙuwa tsakanin uwa da 'ya.

Sai ta rufe littafin. Da Turanci ta faɗa, kamar kullum, amma na ji sarai.

"Ke ma ba ki taɓa kiran sunana ba. Ƙannena kina kiran nasu. Ni kuwa daga 'ke' sai 'yayarku'."

Na ajiye wuƙar. Na ce mata kunyar 'yar fari ce, haka muka taso. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta ambaci sunan yayana ba, alhali shi take ɓoye wa tsokar nama a ƙasan kwano.

"To, Umma," ta ce, kamar mai amsa wa baƙuwa, ta kwashe littattafanta.

Na ci gaba da miya, amma hankalina ba ya kanta. A can gida Kano ba a yi wa yaro bayanin wannan, domin in uwa ta kame bakinta akwai kaka, akwai goggo, akwai maƙwabta masu kiran sunan har su yi masa kirari. A flat ɗin nan namu na saman bene babu kowa sai mu. Na ɗauko kunyar na zo da ita, masu lelen na baro su can. Yarinyar nan ta girma tana jin sunanta a bakin likita da malaman makaranta, ba ta taɓa ji a bakin wadda ta haife ta ba.

Washegari na sa rigar sanyi, na tsaya a ƙofar ɗakinsu. Kullum ƙwanƙwasawa nake yi in ce, "A tashi a yi salla." Ranar sai na tura ƙofar. Na waiga kamar mahaifiyata tana bayana. Sannan na kira sunan, a hankali.

Bargon ya motsa.

"Na'am," ta ce, da Hausa.

Na ce ta tashi kada ta makara, na ja ƙofar, na sauka in tari bas.