Kansilan Burtali

Malam Bappayo Usaini yana da shekara sittin da takwas, tsohon kansila ne, kuma yau ba ya riƙe da komai sai rumfar dusa da harawa a Bolari, cikin garin Gombe.

Sau uku mutanen wata gunduma da ke gabas da Kwadon suka zaɓe shi, ba don daɗin bakinsa ba. Mutum ne da ba ya son a taɓa abin da ya tarar. Da aka so mayar da kasuwar ƙauyensu bakin kwalta, ya ƙi. Da samari suka fara kawo manyan lasifikoki gidan biki, ya kai ƙararsu wurin dagaci. Su ne suka raɗa masa Baba Jiya, shi kuwa ya riƙa amsawa.

Abin da ya fi tsarewa shi ne burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa mashaya, wadda aka shata iyakarta da shingen bini-da-zugu tun zamanin kakanni. Gidansu ana noma, ana kiwo. Ya san in aka toshe wa shanu hanya gona za su faɗa, daga nan sai jini.

Gombe ta yi ta matsowa, fili ya yi daraja. Sai Shafi'u, ɗan amininsa, wanda ya zama kansilan gundumar da ke maƙwabtaka, ya kawo wa majalisa shawarar a yanka burtalin filoti-filoti.

"Baba Jiya," in ji shi, yana dariya, "shanun nan naka ƙuri'a suke jefawa?"

"Ba sa jefawa, ɗana. Amma ran da suka shiga waken ubanka, ba kai za ka tare su ba, kana cikin mota."

Duk zaman da aka tayar da maganar, Bappayo sai ya miƙe ya ambaci sunan kowane manomi da ke bakin hanyar, har sauran kansiloli su ji kunyar ɗaga hannu.

Ana nan Allah Ya yi wa Arɗon yankin rasuwa, wanda suka yi kiwo tare da Bappayo suna yara. Babu wanda bai san Bappayo ba zai bar sadakar uku ba, ko me ake yi. Aka ɗauko zaman majalisa daga ranarsa, aka aza shi a safiyar sadakar, a wani otal cikin garin Gombe. Yana kan tabarma yana karɓar gaisuwa aka ɗaga hannuwa a otal ɗin, aka amince a yanka burtalin. Da yamma kansilolin suka zo masa ta'aziyya, har da Shafi'u, wanda ya fi kowa doguwar addu'a.

Zaɓe na gaba jam'iyya ta ba wani takara. Aka kafa turakun siminti a tsakiyar burtalin, aka tumɓuke shingen. Kakar bara shanu suka faɗa gonar wake, aka sari manomi a kafaɗa, aka ƙone ruga. Shafi'u ya shiga rediyo yana roƙon jama'a su zauna lafiya.

Saura ɗan siririn gefe ta arewa da ba a kai ga ginawa ba. Asabar ɗin da ta wuce, Bappayo ya rufe rumfarsa, ya loda rassan bini-da-zugu a keke, ya je ya dasa su a tsohuwar iyakar, dab da turakun.