Ranar da Goggo Ramlatu ta Kunna Dafur

Goggo Ramlatu ƙanwar mahaifina ce. A ƙasa ta zo Makka ta hanyar Sudan. Mijinta ya rasu a Sawakin, ita kuwa ta ƙaraso, ta kafa kaskon ƙosai a unguwar Mansur. Itace ne ya daɗe yana ba ta wahala. Ba a saran bishiyar Harami, sai raƙuma sun kawo daga nesa. Ranar da ba su zo ba, kaskonta a kife yake wuni.

Bana, bayan na gama makaranta, sai ga ta da dafur, ɗan murhun tagulla mai shan gaz, wato kananzir. Unguwa ta ɗauka! Bukkokinmu na katako ne da buhu, manne da juna. Dattawa suka ce ko dafur ya bar unguwa, ko ita da shi su fita tare. Ta roƙa a bari ta kunna a gabansu tukuna.

Bayan la'asar aka taru.

"Ramlatu, da abin da aka haƙo a ƙarƙashin ƙasa za ki soya mana ƙosai?" in ji Sabo mai ruwa, da gwangwanaye a kafaɗa.

"Kai ba a gwangwanin gaz kake shayar da mu ba?" in ji Goggo. Aka bushe da dariya.

Ta buga famfon murhun, ta ƙyasta ashana. Gaz ya malalo, wuta ta tashi jawur, ta kusa lasar rumfa. Mata suka ɗau salati. Sabo ya taho a guje da ruwansa yana ihu, "Moya! Ku ba ni hanya!"

Goggo ta sha gabansa. "Kul, ɗan'uwa! A kan ruwa gaz yake tafiya, har ɗakinka zai kai wutar!"

Ta sace iskar murhun, ta kamfato yashi ta binne abin da ya zuba. Ta sake buga famfon, ta kunna. Sai ga wuta shuɗiya, tana gurnani, babu hayaƙi ko kaɗan! Kafin mu dawo hayyacinmu man suya ya yi zafi.

Malam Yunus, babban dattawan, ya karɓi ƙosan farko, ya shinshina, ya tauna a hankali.

"Zauna abinki, Ramlatu. Amma a fili za ki riƙa kunnawa, da yashi a kusa." Ya miƙo hannu. "Ƙaro mini, ba ya warin gaz."